Kwana Bakwai Kafin Ganin Likita

Inna ba ta taɓa zuwa gaban babban mutum da zanen aiki ba. Ko ofishin ruwa za ta je, sai ta yi wanka, ta shafa mai, ta ɗauko zanen da ke can ƙasan akwati. Haka in baƙo zai zo, tun da sassafe za a share tsakar gida har bayan randa, inda baƙon ba zai taɓa leƙawa ba. Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta kiran sunana, "ke" kawai take cewa in waiwayo. Ni ce kuma bakinta a duk inda ake magana da Faransanci, domin ita daga Nijar aka kawo ta, Hausarta ta zo da ita, Mosancin kasuwa, yaren 'yan garin, kawai ta ƙara a kai.

Gidanmu yana cikin Zongo, amma rayuwar Inna tana bakin kwalta, a wata mahaɗar hanya mai wutar tsayar da ababen hawa. Tun kafin a kafa wutar take zama a wurin, tun Baba yana da rai yana tuƙa babbar mota. Da damina tana gasa masara a kan gawayi, da rani ta soya doya da ƙosai. Duk wanda ya san Wagadugu ya san babur, wanda mu a nan muke ce wa moto, ya fi tsuntsu yawa a garin. In wuta ta yi ja sai su taru a gabanta, ba mai kashe inji, kowa yana murza hannu yana jiran kore. Inna kuwa a kan kujera 'yar tsugunno take, bakin salansar moto daidai fuskarta. Ga hayaƙin gawayi daga ƙasa, ga na man fetur daga gaba. Ita jar wutar nan take so, domin a lokacin ne ake miƙo hannu a sayi masara.

Tari ya fara mata kamar na kowa. Daga baya ƙirjinta ya soma wani kuka siriri, irin na ɗan kyanwa da aka rufe a ɗaki. Matan unguwa suka ce fuka ce, kowa ta kawo nata maganin, aka sha zuma, aka sha citta, aka yi sirace har sau ba adadi. Ni lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a unguwar Paspanga, ina ganin kaina wayayyiya. Na ce a bar wannan shirme, asibiti za mu je wurin likitan ƙirji.

Ranar farko ta yi cinikin safe, ta dawo gida ta yi wanka ta yi ado, muka tafi. Likitan ɗan gajere ne mai tabarau, Bamoshe, ya gaishe ta da Mosanci, sannan ya juyo wurina da Faransanci. Na'ura biyu ya sa ta hura. Ta farko babba ce, ana cika ƙirji a hura da ƙarfin tsiya, ita ke nuna faɗin hanyoyin iska. Ta biyun ƙarama ce, ba ta kai rediyon Baba ba. Ita a hankali ake hura ta, ba tsayawa, akwai hoton ɗan balo, wato balan-balan, a kan allonta da za a riƙe tsakanin layi biyu da numfashi. Inna ta yi ta sakin balon yana faɗuwa, tana dariya tana tari. A karo na huɗu ta riƙe shi, na'urar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta fito da lamba.

Likitan ya yi mini bayani, ni kuma na ciro biro ina rubutawa kamar a aji. Ya ce hanyoyin iskar da ke cikin huhu suna kumbura ta ciki in hayaƙi ya dame su kullum, kamar yadda ido ke ja in hayaƙin murhu ya shige shi. Ba a ganin kumburin, amma wurin da ya kumbura yana fitar da wata iska ta daban da ke biyo numfashi, ita ƙaramar na'urar ke aunawa. In lamba ta hau, kumburi ya yi yawa. Ta Inna ta hau sosai. Ya rubuta famfon shaƙa guda biyu, shuɗi na lokacin da numfashi ya sarƙe, da mai ruwan ƙasa na safe da yamma kullum, wanda shi ne ke kwantar da kumburin. Ya ce in mutum ya nisanci hayaƙi yana kuma shaƙar maganin, cikin 'yan kwanaki lambar kan sauka. Sannan ya ce mu dawo bayan wata uku, in ba ta sauka ba, dole Inna ta bar bakin titi.

Na mayar mata da maganar duka. Ta dubi na'urar, ta dube ni.

"Ke, na hwaɗi ke nan?"

Inna ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta sha ganina ina dawowa da takardar jarrabawa, ta san akwai ci akwai faɗuwa. Na ce mata ba jarrabawa ba ce. A raina kuwa ni ma haka na ɗauke ta.

Dabarar tawa ce, gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ɗora wa tsohuwa. Na koma gida na karanta abin da na rubuta, idona ya tsaya a kan "cikin 'yan kwanaki". Na ji kamar malami ne ya yi subutar baki ya faɗi tambayar da za ta fito. Inna tana da ƙanwa, muna ce mata Inna Ƙarama, tana aure can gaba da unguwar Tampouy, inda kwalta ta ƙare, sai lambuna da itatuwan mangwaro. Na ce wa Inna, in saura kwana bakwai mu koma, ta je can ta zauna, ta riƙa shaƙar mai ruwan ƙasan safe da yamma ba fashi. Ban sha wahalar shawo kanta ba ko kaɗan. A wurinta wannan ladabi ne. Ba a zuwa wurin likita da ƙazamin ƙirji, kamar yadda ba a zuwa da ƙazamin zane. Mutum ya share kansa tukuna.

Sauran kwanakin kuwa mai ruwan ƙasan yana akwati. Ta ce ba ya yi mata komai, ta shaƙa ba ta jin wani canji, kuma yana dusashe mata murya, ita da ke kiran masu saye da baki. Shuɗin ne ɗan gatanta. A gefen zane take ƙulle shi, in ƙirji ya matse ta kwance ta fesa sau biyu, ta ci gaba da fifita gawayi.

Wata uku suka cika saura mako, na ɗauke ta a moto na kai ta. Wata Bamoshiya mai sayar da lemo da ruwan sanyi a gefenta ita ta riƙe mata wurin. A gidan Inna Ƙarama ba abin da take yi sai tsinke zogale da ba da umarni. Ranar da na je ɗauko ta na same ta tana waƙa a gindin mangwaro, rabon da in ji haka har na manta.

Lambar ta sauka. Likita ya cire tabarau ya mayar, ya miƙa mata hannu biyu, ya ce da kyau Mama. Wannan kam ba ta jira fassara ba. A hanyar dawowa ta sa na tsaya a mahaɗar, da adonta da komai, ta sanar da mai lemo da mai facin taya da mai sayar da katin waya cewa ta ci. Na yi alfahari a ranar, ba zan ɓoye ba. Na ga karatuna ya yi rana.

Haka muka yi shekara biyu. Duk wata uku sai a haɗa jaka. Inna Ƙarama har tsiya take mana, tana cewa mun mayar da gidanta wurin wankin mota, a kawo mata yayarta da datti ta wanke, mu zo mu ɗauke. Mu yi dariya. Kowane zuwa likita yakan tambaya ko tana shaƙar maganin kullum, Inna ta ce in ce e. Yakan tambaya sau nawa take taɓa shuɗin, ta ce in ce kaɗan-kaɗan. Ni ke sayo shuɗin a kantin magani, na san yadda yake ƙarewa kamar sukari a gidan suna, amma abin da ta ce shi nake faɗa. Ina gaya wa kaina ai ni tafinta ce, ba ni aka tambaya ba. Ganin lambobin sun yi kyau jere da juna, ya rage ƙarfin maganin. Daga baya ya sake ragewa, ya ce sai bayan wata shida.

A gida ina ganin abin da nake gani. Inna ta fara tsayawa a tsakanin ɗakinta da banɗaki, ta dafa bango kamar tana tuna wani abu. Ta daina ɗaukar buhun gawayi. Gaisuwarta, wadda da takan jero ta kamar carbi, ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki, ta koma guntu-guntu. Ban ji tsoro ba. Abin da ya fi ba ni mamaki ke nan in na tuna. Ina kallonta yadda mutum ke kallon famfon da ke ɗiga, ya san akwai gyara, ya wuce. In wani tunani ya taso sai in buɗe katin asibitin in dubi lambobin, in rufe. Ni na shirya su da hannuna, amma duk da haka suna kwantar mini da hankali.

Wata Talata da damina, bayan azahar, ina tsakiyar buga wa wani takardar neman aiki, mai lemo ta kira ni a waya. Ta ce in zo yanzu, yaaba ba ta iya magana. Haka take kiran Inna, wato kaka. Na kashe na'ura, na nemi makullin moto, har na tsaya na rufe taga.

Na same ta zaune a kujerarta, ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta sun ɗaga har kusa da kunne. Masara tana ƙonewa a kan wayar gashi ba mai juyawa. Shuɗin famfon yana hannunta, tana girgiza shi, babu komai ciki. Na ce ta tashi mu tafi asibiti. Ta girgiza kai, ta nuna zanenta, duk toka da mai.

"Gida... tukuna," in ji ta.

Ni da mai facin taya muka ɗora ta a bayana, mai lemo ta ɗaure mu tare da mayafi don kada ta zame. Duk hanya ina jin kukan ƙirjinta a gadon bayana. Da muka zo kwanar gida ta ɗan ja rigata, na yi kamar ban ji ba, na miƙe.

A asibitin suka sa mata wani abin rufe hanci da baki mai fitar da tururin magani. Na zauna a kan benci ina kallon ƙafafunta, silifas ɗaya ne a ƙafarta, ban san inda ɗayan ya faɗi ba. Wajen la'asar kafaɗun suka sauka, ta iya haɗa kalma uku. Farkon abin da ta nema shi ne in rufa mata mayafi a kan zanen, don likita yana zuwa.

Ya zo, ya saurari ƙirjin, ya ce tunda ta samu sauƙi bari ta gwada ƙaramar na'urar. Sai a karo na uku ta iya riƙe balon. Da lamba ta fito ya canza bakin hurawar, ya sa ta huta, ta sake. Lambar ta fi ta ranar farko. Ya ɗauko katin, ya bi jerin da yatsa daga sama har ƙasa, ya dawo kan ta yau. Sannan ya tambaye ni ko wani abu ya canza a gida, ko an koma wani wuri, ko ta fara sabon aiki.

Na ce ba abin da ya canza, yau ne kawai muka zo ba shiri. Ya ce wane shiri. Na gaya masa komai, gidan Inna Ƙarama, kwana bakwai, famfon da ke akwati. Muryata lafiya lau, kamar ina karanta takardar wani. Na zaci zai yi faɗa, har na so ya yi. Bai yi ba. Ya ajiye biro.

"Madam, na'urar nan abin da aka kawo mata take aunawa. Shekara biyu ina yi wa mai zaman lambu magani, ina rage mata. Mai zaman bakin titi yau na fara ganinta."

Inna ta taɓa ni ta ce mi ya ce. Na ce ya ce lambar ta hau. Ta yi tsaki a hankali, irin na wanda aka shammata.

Suka riƙe ta kwana biyu. Bayan mako uku, tana gida tana shaƙar magani a gabana safe da yamma, muka koma ya sa ta hura babbar na'urar, wadda rabonta da ita tun zuwan farko. Ya sa ta shaƙi shuɗin, aka jira, ta sake hurawa. Ya ɗora takardar yau kusa da tsohuwar. Ko ni da ban san aikin ba na ga ta yau ta rame. Ya ce kumburin zai kwanta, har ya fara kwantawa. Amma kumburin da ya daɗe ba a kula shi ba yana sa bangon hanyoyin ya yi kauri, su tsuke, wannan kuwa ba ya komawa. Abin da ya rage mata shi za a tsare. Bakin titi ya ƙare, ba na mako ba, ba na wata ba.

Ya dube ni don in fassara. Inna tana zaune da zanenta mai kyau, ta haɗa hannuwa a cinya, tana dubana. A shekara biyun nan na saba zaɓar abin da zai wuce ta bakina zuwa wurinsa. Na ga zan iya yin haka zuwa wurinta ma, in ce ya ce ki huta kaɗan. Ban yi ba. Na faɗa mata yadda ya faɗa, har da ba ya komawa.

Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ce mishi shi ba mu kwana bakwai, mu tahi mu komo, shi sake gwadi."

Likita ya tambayi abin da ta ce, na gaya masa. Ya dube ta ya daɗe, ya amsa mata da kansa da Mosanci, kalma biyu ko uku, cewa ba zai canza ba, Mama. Ta gyaɗa kai, ta yi masa godiya, ta tambayi lafiyar iyalinsa. A hanyar gida na tsaya na sayi tumatir don ba mu da shi.

Mai lemo tana da 'yar ƙanwa da mijinta ya rasu, ita aka ba wurin. Inna ba ta yi musu ba. Abu ɗaya ta ce, ba a barin wurin da aka zauna shekaru ba tare da sallama ba, dole ta je ta nemi yafiyar maƙwabta. Na ce zan je a madadinta. Ta ce ba a aike a neman yafiya.

Ranar Juma'a da hantsi na kai ta. Na sa mata takunkumi a hanci, ta cire ta riƙe a hannu, ta ce ba za ta nemi gafarar mutane fuska a rufe ba. Na ajiye moto a gaban wani shago, tsakaninsa da wurinta bai fi faɗin tsakar gida biyu ba. Sau uku ta tsaya kafin mu isa. Mai lemo ta taso, mai facin taya ya goge hannu a wando, mai katin waya ya fito daga rumfarsa, suka kewaye ta. Ta buɗe baki ta ce, "Jama'a, zama tare..." sai numfashin ya ƙare. Wuta ta yi ja, motoci da moto suka cika gabanmu, ta fara tari. Ta dafa kafaɗata ta matsa, na gane. Na ƙarasa mata, na ce ta ce zama tare ba a rasa saɓani, duk wanda ta ɓata wa ya yafe mata, ita ta yafe wa kowa. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Mosanci. Mai lemo ta yi kuka. Mai facin taya ya ce ba komai tsakaninsu sai alheri. Ni ina tsaye ina duban agogo, domin na bar shagon aikinmu a hannun mutane.

Muka dawo wurin moto a hankali. Ta jingina da bangon shagon tana jiran ƙirjin ya sake ta. Ban shirya faɗin komai ba, sai na ji bakina yana cewa, Inna, ni ma ki yafe mini, ni na kawo dabarar nan.

Ta dube ni kamar na yi wani yare.

"Ke, mi kika yi? Da ba don ke ba... da tun bara waccan ina ɗaka zaune. Shekara biyu kika samo mini... Allah shi yi miki albarka."

Sai da ta huta sau biyu kafin ta kai ƙarshen maganar. Na tsaya ina jira in ji wani abu ya motsa a raina, ko kuka, ko sauƙi, ban ji ba. Na ce amin, na riƙe mata moto da hannu biyu har ta hau.